Rumfar da Muka Kafa a Hanyar Mokwa

Daga Katsina zuwa Funtuwa

Ana kiran assalatu muka fito da kayanmu daga zauren gidanmu a Ƙofar Kwaya. Ni da abokina Istifanus muka ɗauki ƙunshin yadi, kowa ya kama gefe, babana Malam Isiyaku yana haska mana hanya da fitilar ƙwai.

A shekarun nan ne kuɗin fetur suka fara malalowa cikin ƙasa, mu kuma muna karatun zanen gine-gine a Zariya. Wani kamfanin Turawa mai sayar da tamfol ya shirya wa ɗalibai gasa a Ikko: a zana ginin da rufinsa ba kwano ba ne, ba kankare ba, yadi ne da aka ja aka ɗaure har ya tsaya da kansa. Sharaɗin shi ne kowa ya kafa nasa a fili, alƙalai su shiga ƙarƙashi su gani. Waɗanda suka ci za a kai su ƙasar waje ƙarin karatu.

Istifanus ya fi ni son wannan tafiya. Iyayensa mutanen Zonkwa ne, amma a Katsina aka haife shi. Babansa ma'aikacin gidan waya ne, ya rasu ya bar shi da ƙanne huɗu. Mamarsa ce ta ɗinka mana rumfar a kekenta, da farin akoko, muka shafe shi da kakin zuma don ruwa. Kusurwa biyu sama, biyu ƙasa, tsakiya ta lanƙwashe yadda iska ba za ta sami wurin kamawa ba. Mun yi ta ne da tunanin mutanen da fari ya koro daga arewa, waɗanda suka zube a bayan ganuwa ƙarƙashin tsummokara.

Sandunan gorarmu sun fi ƙarfin tasi, don haka muka hau babbar mota mai bodin katako da ta ɗauko albasa. Direban, Malam Ɗanjuma, ya dubi kayan ya ce, "'Yan makaranta, wagga laima ce ko mi?"

"Gini ne, Malam," in ji Istifanus.

"To, Allah shi kai mu da gininku lahiya."

Hantsi ya yi muka shiga Funtuwa. Muka sha koko da ƙosai a tasha. Mai ƙosan ta ce tun da aka ƙara wa ma'aikata albashi man gyaɗa ya gagare ta, shi ya sa ƙosan ya ƙanƙance.

Birnin Gwari da Tegina

Kafin Birnin Gwari sojoji suka tsayar da mu a shinge. Ɗaya ya hau bayan motar, ya zunguri ƙunshinmu da bakin bindiga, ya sa muka kwance shi duka a kan titi. Ya taka shi da takalmi ya bi ta kai har ƙarshe, bai ga komai ba, ya ce mu naɗe mu ba shi wuri. Istifanus ya durƙusa yana goge sawun takalmin da hannun rigarsa.

Daga nan gefen hanya sai gawarwakin motoci. Sababbi ne fil, wasu ko ledar kujerunsu ba a cire ba. Malam Ɗanjuma ya ce, "Kowa ya samu kuɗi ya sayi mota, ba wanda ya tsaya ya koyi tuƙi." A Tegina muka ci tuwon shinkafa da miyar kuka, muka kwana a kan buhunan albasa. Warin ya shiga yadinmu har bai sake fita ba.

Kafin Mokwa

Washegari rana ta take, zafin bazara ya sauka, muka sha wata kwana muka tarar da abin. Bas ce ta 'yan kasuwa da ta taso daga kudu ta yi taho-mu-gama da tirelar siminti. Gaban bas ɗin ya shige ciki har kujera ta uku. Siminti ya fashe ya rufe mutane, masu rai da matattu duk sun yi fari, sai inda jini ya ratsa.

Malam Ɗanjuma ya taka birki ya ce, "Innalillahi. Ku sauko."

Masu aikin faɗaɗa hanya sun riga sun sare itatuwan wurin, babu inuwa ko ta tafin hannu. An jera masu rauni a kan jar ƙasa mai zafi kamar tanda. Ƙananan motoci suna zuwa, su rage gudu, a leƙo, su ƙara wuta. Wata mata da ƙafarta ta karye tana ta cewa a rufe mata fuska, rana za ta kashe ta.

Ban san wanda ya fara ba cikinmu. Na dai ga Istifanus a kan motar yana miƙo mini sanduna. Muka kafa turaku da dutse, wasu fasinjoji suka ja igiya, muna ce musu nan sama, nan ƙasa. Yadin ya tashi, ya miƙe, ya tsaya. Ko a gida ba mu taɓa kafa rumfar gaba ɗaya ba, tsakar gidan bai isa ba. Muka kwaso mutane muka shigar da su. Can wata guguwa ta taso ta bi ta kanmu, ta kwashi siminti ta watsa, rumfar ta yi ƙugi amma ko turke ɗaya bai motsa ba. Na dubi Istifanus, shi ma ya dube ni. Ba wurin murna ba ne.

Ina ba wani dattijo ruwa a murfin kwano ya riƙe mini hannu. Ƙirjinsa ya lotsa, numfashi da ƙyar.

"Yaro, na ji maganarka. Bakatsine ne kai?"

"Daga Ƙofar Kwaya, Baba."

"Alhamdulillahi. Ni Haruna, mai goro, Batagarawa. In ka koma ka nemi ƙanena Sale. Ka ce mashi shi riƙe yaran, kada shi bari a raba su."

Na ce zan faɗa. Na yi ta laƙana masa kalmar shahada har ya daina amsawa.

Sai bayan azahar wata tifa ta yarda ta kwashi masu rauni zuwa asibiti. Mutanen ƙauyen da ke kusa suka zo da limaminsu da faretani. Liman ya ce da wannan zafi gawa ba za ta jira ba, 'yan sandan da suka iso suka amince. Aka tattara zannuwan da ke cikin bas don a yi likkafani, ba su isa ba. Wata tsohuwa da jikarta ke kwance a buɗe ta zo ta tsaya gabanmu, ta ɗaga kai ta dubi farin yadin da ke samanmu.

"'Ya'yana," ta ce, tana nuna mana gawar jikarta.

Na kasa duban Istifanus. Na san abin da yadin nan yake a wurinsa. Shi kuwa ya dubi tsohuwar, ya dubi yadin. Sannan ya karɓi wuƙa a hannun Malam Ɗanjuma.

"Sassauta igiyar gabas," ya ce mini. "Daga can za mu fara. Da ma ɗinkin wajen bai yi kyau ba."

Mutum bakwai aka sa a ciki, har da Malam Haruna. Istifanus yana yanka, ni ina miƙa wa liman. Da aka tsaya salla ya koma gefe, ya cire hularsa, ya sunkuyar da kai.

Jebba zuwa Ikko

A gadar Jebba muka yi layi har rana ta faɗi, don mota ɗaya-ɗaya ake wucewa. Ilori da Badun na gan su ne kamar a mafarki. Ba na iya cin komai sai ruwan shayi. A Ikko Malam Ɗanjuma ya sauke mu, ya ƙi karɓar ko sisi, ya ce, "Ku je, Allah shi ba ku."

Filin gasar yana bakin ruwa. Daga nan ana hango jiragen ruwa jere har inda ido ya tsaya, an ce duk siminti suka ɗauko suna jiran wurin saukewa. Rumfunan sauran ɗalibai na farar leda ne mai sheƙi da ƙarfe mai walƙiya. Muka kafa abin da ya rage na tamu. Tun da gefe guda ya tafi, babu abin da zai ja ɗaya gefen, sai ta zube ta tsakiya kamar shanya.

Alƙalai biyu suka zo, Bature da wani babban mai zanen gini ɗan ƙasa. Da Turanci Baturen ya nuna wani tabo ya ce mene ne wannan.

"Jini ne," in ji Istifanus.

Na fara ba da labarin, ɗan ƙasan ya ɗaga mini hannu. Ya ce ya tausaya, amma su abin da ke tsaye suke dubawa, wannan kuwa ba ya tsaye. Suka wuce. Rumfar da wasu ɗalibai suka zana don rufin wurin ninƙaya na wani otal ce ta ci gasar.

A hanyar tashar jirgin ƙasa na ce, "Istifanus, ka yi haƙuri."

"Ai ta tsaya," ya ce. "Mun gani." Sai ya juya fuskarsa ga bango, kafaɗunsa suna rawa. Na tsaya a bayansa na kare shi daga masu wucewa.

Komawa gida

Mun yi kwanaki kafin mu sami wuri a jirgin ƙasa, ya kai mu Kano a makare, muka hau tasi zuwa Katsina. Bayan la'asar muka shiga lungunmu. Tun daga nesa na ga tabarmi shimfiɗe a ƙofar gidanmu, dattijai zazzaune, an jingina kekuna a bango. Na ce a raina innata ce ta rasu. Na saki kayan na ruga.

Mutane suka watse da salati. Babana ya miƙe, carbi ya faɗi daga hannunsa. Ya zo ya shafa fuskata, ya shafa kafaɗata, ya sa ɗaya hannun ya jawo Istifanus. Ashe wani direban tasi ɗan unguwarmu ne ya bi ta wurin haɗarin, ya ga sandunanmu a kafe, ya ga yadinmu a kan gawarwaki, ya kawo labari. Makokinmu ake zaune. A cikin gida na tarar da Maman Istifanus kusa da innata a tabarma ɗaya. Ta kama ɗanta ta yi ta dukan ƙirjinsa tana kuka, ba ta iya cewa komai ba sai sunansa.

Da gari ya waye muka hau keke ni da babana da Istifanus muka nufi Batagarawa. Muka sami Malam Sale a ƙofar gida yana gyaran garma. Ya tarbe mu da fara'a, aka yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida da iyali da zafi. Ya ce mun yi sa'a, yayansa yana hanya da sabon goro, da mun jira mun ɗanɗana. Yara uku suka leƙo daga zaure. Babana ya dafa gwiwata, na gyara zama na isar da saƙon kamar yadda aka ba ni shi.

Ina godiya ga Allah da ya maido mu, da Malam Ɗanjuma, da mutanen ƙauyen nan na hanyar Mokwa da ban ko tambayi sunansa ba. Allah ya jiƙan waɗanda muka baro a can.