Zakaran da Muka Goge

A wani shagon gyaran rediyo da ke Sabon Gari na fara ganin murya da idona. Mai shagon ya yi magana a makirfo, sai ga shuɗayen tsaunuka sun miƙe a fuskar kwamfuta, wasu dogaye wasu gajeru, kamar duwatsun Kwatarkwashi idan ka hango su daga mota. Ni da na tashi da karatun littattafan soyayya na kasuwa, nan take na ce a raina, ashe haka "ina son ki" take idan an zana ta.

Ya ce mini manhajar da ke zana muryar kyauta ce. Waɗanda suka yi ta sun bar ta a buɗe kamar rijiyar bakin hanya, kowa ya ɗiba, mai ilimi kuma ya leƙa ciki ya gyara. Na koya, na riƙa ɗaukar muryata ina karanta 'yan labaran da nake rubutawa. Sannu a hankali na gane ba ni kaɗai ba ne. Akwai wani mutumin Tsafe da ke haɗa wa masu maganin gargajiya tallar da suke sawa a lasifika ranar kasuwa. Akwai wata malamar Islamiyya a Bungudu da ke ɗaukar karatun ɗalibanta. Abin da wannan ya yi kwana uku yana nema, wancan ya daɗe da saninsa.

Mai shagon ya ba mu ɗakin baya. Muka shimfiɗa tabarma, muka manna kwalin ƙwai a bango don ya sha amsa-kuwwa, muka ajiye kwamfuta ɗaya a tsakiya. Duk Asabar da hantsi ake haɗuwa. Ƙa'idarmu ita ce, duk aikin da aka kawo, in mai shi ya yarda, wanda ke so ya kwafa a memori ya je gida ya gwada dabararsa. Mutumin Tsafe bai so ba.

"Sana'a ba gero ba ce da za a shanya a waje," in ji shi. Amma bai taɓa fashin zuwa ba, kuma ya fi mu duka hannu.

Wata Asabar malamar ta zo da maƙwabciyarta, wata dattijuwar Hajiya, da kaset a ƙulle cikin ɗankwali. Shekarun baya, lokacin da Hajiyar ta je wankan jego gidan iyayenta a Magami, kunyar surukai ta hana mijinta zarya, sai ya ɗauki saƙo a kaset ya aika mata. Ya daɗe da rasuwa, kuma muryarsa ba ta rage a ko'ina ba sai nan.

Muka juye shi cikin kwamfuta. Yana kai ƙarshe rikodar ta tauna zaren, ya tsinke wuri-wuri. Mai shagon ya duba ya ce wannan kam ya gama aiki. Na kasa kunne ina jiran kalaman da na saba karantawa, amma ta cikin shuuu ɗin tsohon kaset abin da na tsinta shi ne akuya ta haifi biyu, an yi yaɓen ɗaki, ta riƙa shan kunun kanwa da zafinsa.

Mutumin Tsafe ya ce a bar masa. Ya wuni a kai. Ya cire ƙara, ya cire carar zakara da bugun turmi, ya datse duk inda aka yi shiru, kamar yadda yake yi wa talla. Don yarda da hannunsa, sai ya adana gyaran a kan na asali, na asalin ya shafe.

Asabar ta zagayo muka kunna wa Hajiya. Murya tas, kamar mai karanta labarai. Muna ta murmushi muna jiran albarka.

Hajiya ta ce, "Wanga ba shi na ba."

"Shi ne mana, Hajiya, wanke shi muka yi."

"To kun wanke shi har da gidan. Ina zakaran? Ina dakan uwar mijina? Akwai inda ya fara wata magana, Inna ta gitta ta bakin ƙofa, ya yi shiru ya kama tarin ƙarya. Ɗana, wurin nan nika jira, mi kunka yi mai?"

Mutumin Tsafe ya cire hula ya mayar, ya sake cirewa. Ya bincika kwamfutar sama da ƙasa, babu na asali. Malamar ta bar shi ya yi gumi sosai, sannan ta zuge jakarta ta fito da memori. Ashe ta kwafa tun ranar farko, ayyukan makaranta suka hana ta taɓawa.

"Malam, ga geron da aka shanya," ta ce. "A kawo maka buhu?"

"Malama, ki rufa mini asiri gaban Hajiya."

Muka kunna. Ƙara ta cika ɗakin, zakara ya yi cara, turmi na amsawa. Mijin Hajiya ya ce, "Ni dai tun da kika tafi..." sai shiru, sai tari. Hajiya ta ja mayafi ta rufe baki tana dariya, ta ce a sake mayarwa. Sau huɗu aka mayar.

Daga ranar ba a taɓa aiki sai an ware kwafin asali, kuma sai an tambayi mai shi abin da za a bari. Labari ya bazu, kaset-kaset suka riƙa zuwa daga Tsafe har ƙauyukan Bungudu.

Hajiya ta yi shekaru tana rako ƙawayenta, tana zama kusa da kwamfuta don kada a wanke wa wata miji. Yanzu idanunta sun yi rauni, ta koma wurin 'yar da ta yi wankan jegon haihuwarta. Da na je gaishe ta bara na same ta a inuwar darbejiya da ƙaramar rediyo mai memori a cinya. Ta ɗaga mini hannu in dakata da gaisuwa, an kusa zuwa wurin tarin.