Jikin gidanmu

A gidanmu na Salaga, matan ɓangaren Baba duk masu jiki ne. Kakanninmu fataken goro ne, mu kuma muka taso cikin cinikin doya, amma abin da aka fi saninmu da shi a zango, unguwarmu ta Hausawa, shi ne ƙiba. Ni na ɗauko ta tun ina budurwa. Ƙanwata kuwa ta ɗauko Inna, siririya kamar sillen kara, alhali kwano ɗaya muke ci, kuma ta fi ni yawan loma.

Na gaji da shawara tun kafin in yi aure. Wannan ta ce in bar sakwara, waccan ta ce in sha ruwan zafi da lemun tsami da sassafe. Na bi, na bari, na sake bi. Har azumin nafila na riƙa yi da niyya biyu, Allah ya yafe mini. Jikin yakan ragu kaɗan, sai ya dawo da ƙari.

Bayan na haifi autana, gwiwoyi suka fara ciwo, sannan aka ce ina da ciwon sukari. Babu wanda ya yi mamaki. Mamakin ya zo ne da aka kira ni daga Yendi, inda ƙanwata take aure, aka ce ta faɗi a rumfarta ta koko da ƙosai, kuma ita ma sukari ne. Na hau mota na je jinya.

Likitan da ke duba ta ya dube ni, ya dube ta, ya tambaya ko uwa ɗaya uba ɗaya muke. Ya tambayi su wa da wa ke da ciwon a dangi, na lissafa masa har na rasa na ƙarshe. Hausarsa ta kasuwa ce, yana haɗawa da Dagbanci, yaren mutanen garin, amma na gane. Ya ce kitse ba ajiya ba ce kawai, yana sakin wasu sinadarai cikin jini. Ɗaya yana kai wa ƙwaƙwalwa labarin cewa jiki ya samu abin da ya ishe shi, wani kuma yana taimaka wa jiki ya sarrafa sukari. Yawansu a jinin mutum, wani ɓangare daga abinci da zirga-zirga ne, wani ɓangare kuma gado ne, kamar tsawo. Siririn mutum ma zai iya gadon ƙarancin mai taimakon nan. Na tambaye shi ko za a auna namu. Ya ce ba awon da ake yi a nan ba ne, kuma ko an yi, maganinmu ba zai canza ba.

Ƙanwata tana kwance ta ce, "Yaya, ashe duk tsiyar da na yi miki, jirgi ɗaya ya kwaso mu."

Ban iya dariya ba, ƙafata na zugi.

Da aka sallame ta, sai na wuce Bawku wurin Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda ciwon ya riga ya ci mata yatsun ƙafa biyu. Hanyar ta jijjiga ni har na yi nadamar fitowa. Na same ta a zaure kan tabarma, ga hatsin da ta daina iya kaiwa kasuwa jingine a bango. Ita ce aka fi yi wa gorin ci a danginmu. Mijinta marigayi ma yakan faɗa a gaban baƙi. Ina ta ɗokin in gaya mata cewa ba duka laifinta ba ne.

Ta saurare ni har na gama. Ta daɗe tana murza carbi, sannan ta ce, "To, 'yar nan, da an faɗa mini ina da ƙuruciya, da na ci tuwona da daɗi. Yanzu me zan yi da shi?"

Na kwana biyu a wurinta, ina wanke mata ƙafar da ruwan ɗumi ina naɗewa. Ba mu sake tayar da maganar ba.

Na koma Salaga na ci gaba da shan ƙwayoyina. Da yamma nakan taka zuwa tashar doya in dawo, ina tsayawa a hanya in huta. 'Yata ta biyu ta fara ƙiba, kuma na ji maƙwabciya tana ce mata ta rage ci. Na kira matar gefe na roƙe ta ta bar mini yarinya. Ita kuma yarinyar, duk ranar da gwiwa ta bar ni, tare muke fita.