Maɓalli Mai Ƙafa

Da farcen babban yatsa take ɗaga ganyen, ɗaya bayan ɗaya, ta leƙa ƙarƙashinsa. Haka Mai Maɓalli take yi kowace safiya, da zarar takun 'yarta ya ɓace a matakala.

Sunan ya bi ta ne daga kamfanin ɗinki, inda ta yi ta ɗinka maɓallan riguna har idonta ya daina ganin kafar allura. Da mijinta ya rasu, autarta, ma'aikaciyar asibiti, ta ɗauko ta zuwa wani dogon bene inda maƙwabta ke gaisawa da ka kawai.

A jikin tagar ɗakinta an gina wani ɗan kwando na siminti, nan ta shuka barkono. Darɓa ta kama shi, ƙananan ƙwarin nan masu tsotse ganye har ya nannaɗe. Darɓar ce ta jawo baƙi: jajayen ƙwari masu ɗigon baƙi a gadon baya, sai ka ce maɓalli ya yi ƙafa. Ta ga ƙwansu rawaya a jere. Ta ga 'ya'yansu baƙaƙe, munana kamar 'yan kada, da ƙyar ta yarda jini ɗaya ne. In ta taɓa babba sai ya sanƙare kamar gawa, ya bar mata ruwa mai wari a yatsa.

"Tashi, munafuki, na gan ka," takan ce. Wata rana iyakar maganarta ke nan har la'asar.

Ta lura darɓa na ƙarewa suke tashi. Sai ta riƙa lallaɓawa ƙasa, ta tsinko musu ganye mai darɓa a shingen bakin titi.

"Inna, mutane na korar ƙwari, ke kina musu girki," in ji Auta ranar hutunta. "Anjima masu feshi za su bi ɗaki-ɗaki. Kyankyasai sun addabi kowa."

"Nawa ba kyankyasai ba ne."

"Maganin bai san naki ba."

"To a tsallake ni."

"Na roƙa, wallahi. Mai gidan ya ce ko'ina."

Tsohuwar ta daɗe tana duban tagar. Can ta shimfiɗa mayafinta, ta shiga tsinke ganyen da ke da ƙwai, da masu 'ya'ya, tana kakkaɓo manyan a hankali.

"In kin kai su shinge ba za su hawo bene neman ki ba fa, Inna."

"Na sani. Can abinci ya fi yawa."

Ta haɗa bakin mayafin sakwa-sakwa don su sha iska, ta laluba takalmanta da ƙafa, ta fita.