Nonon da tururuwa ta kushe

Shekarar da damina ta ɗauke, gero na cikin ƙunshe kai, rijiyar unguwarmu a bayan Tofa ta koma rabi ruwa rabi laka. Ita muke sha, don babu wata. 'Yarmu tana da wata tara lokacin da zawo ya kama ta, ga amai, ga jiki zafi zau.

Ni malamin firamare ne a lokacin, ina koyar da kiwon lafiya. Na sha rubuta "garkuwar jiki" a allo da manyan baƙaƙe. Amma da ciwo ya shigo ɗakina, sai na zama ɗan kallo.

Inna, mahaifiyata, ta ce nonon uwar ne ya ɓaci. Ta sa matata ta tatsa kaɗan a ludayi, ta kamo tururuwa ta jefa a ciki. Haka ake gwadawa a wajenmu: in ta fito da ƙafarta nono lafiya lau, in ta mutu sai a cire yaro. Tururuwar ta yi 'yan wutsil-wutsil ta tsaya.

"Kin gani ko? Daga yau koko za ta sha," in ji Inna.

Matata ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Inna." Ta shiga ɗaki, ta saki labule, ta ci gaba da ba yarinyar nono. Koko kuwa ko an ɗura mata dawowa yake.

Na bi ta ina raɗa, wai kada a ɓata wa tsohuwa rai. Ta dube ni ta ce, "Malam, taɓa jikinta. Faɗa take yi da abin nan. Wanda yake faɗa ake janye wa abinci?"

Washegari na goya su a keke zuwa ƙaramin asibiti. Ma'aikaciyar ta ce ƙwayoyin cuta ne daga ruwa. Ta ba mu magani, ta koya mana haɗa ruwan gishiri da sukari da tafasasshen ruwa, ta ce kada a kuskura a daina shayarwa, domin kariyar jikin uwa tana bin nono ta taya yaro yaƙi. Na gyaɗa kai kamar ni na fara faɗa.

Kwana huɗu ana abu ɗaya. Maɗigar yarinyar ta faɗa, idanu suka zurma. Uwar, wadda ita kanta tuwo sau ɗaya take samu a yini, tana zaune da cokali: nono, ruwan gishiri, nono. Maƙwabta suna shigowa dubiya, suna fita suna ƙus-ƙus, don labarin ludayin ya zaga unguwa. Ran na biyar da hantsi zufa ta karyo wa yarinyar, ta miƙa hannu ta fizge ɗankwalin uwarta. Ban taɓa jin daɗin ɓarna irin wannan ba.

Bayan sati biyu na tambayi matata yadda aka yi ta tabbata Inna ta yi kuskure tun kafin mu je asibiti.

"Wa ya ce na tabbata?" ta ce, tana tankaɗe. "Nonon kaɗai cikin yarinyar yake riƙewa, shi ya sa. Da ta mutu, Malam, ni za a ce na kashe ta. Na san da haka tun da na saki labulen."