Haraj da Haraji

Shekarun baya, a farkon shekarun 1400 na Hijira, na yi asarar kundin kakan mahaifina saboda wasali guda ɗaya. Kafin in shiga labarin, ya kamata in bayyana inda na samo shi. Abin da ya faru a shagon mutumin da ya sayi adakar da kundin yake ciki, da idona na gani. Abin da ya faru a tashar mota kuwa, daga bakin akawun tashar da na kawuna na ji, kuma sun saɓa a wuri ɗaya wanda zan nuna. Shekarar kanta ban yanke ba. Mahaifiyata ta ce bayan Hajjin shekarar da na gama jami'a ne, ni kuma ina ganin shekarar da ta biyo baya ce.

Kundin nan ban taɓa riƙe shi ba. Gwaggona, yayar mahaifina, ita ke ajiye da shi a Makka cikin wata adaka ta ƙarfe, ba ta barin kowa ya buɗe. Bisa faɗarta, kakan nasu ya yi ƙuruciyarsa a Ikko lokacin da take hannun Ingilishi, yana kula da dawakin wani Bature. Shi ke tuƙa masa keken doki, shi ke kai dawakin filin tsere inda Turawa da fatake ke caca a kansu, shi ke jan waɗanda suka gaji zuwa gwanjo. Daga baya ya taho Hijaz a ƙafa, ya zauna, ya rubuta duk wannan da ajami. Da ciwon ajali ya kama gwaggo, sai ta ce a ba ni adakar, tunda ni ne na karanta tarihi.

Bayan rasuwarta, ɗanta ya ɗora adakar a bas ɗin da ke zuwa garinmu Madina, ya rubuta sunana da lambar wayar gidanmu a jiki. A lokacin ina Riyad ina bin takardun neman aiki, mahaifiyata kuma tana Makka wurin zaman makoki. Na buga waya tashar da ke Anbariyya, akawun ya ce kayan sun iso, ya ƙara da Larabci cewa in wata ya cika ba a karɓa ba, haraj ne. Duk wanda ya tashi a Madina ya san haraj: kasuwar gwanjo, inda ake ɗaga tsohon kaya sama a sayar wa wanda ya fi tayi.

Sai na kira kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda shekararsa biyu kacal da zuwa daga Kano, yana dakon kayan alhazai a filin jirgi. Na yi masa magana da irin Hausarmu ta 'yan Madina, rabi nan rabi can.

"Kawu, don Allah ka je Anbariyya ka karɓo adakar gwaggo. In wata ya cika, haraj ne."

"To, Ustazu, na ji," in ji shi. Haka yake kirana don tsokana tun da na shiga jami'a. "Yanzu dai alhazai na komawa, ba ma samun ko zaman cin abinci. In sun sa harajin ma ai ba kashe mu zai yi ba."

Na ji wannan jimla sarai. Na ma yi dariya. Ni da nake gyara wa malamaina shekarun sarakuna a gefen littafi, ban tsaya na tambayi kaina me ya sa mutum zai ce an "sa" haraj ba. A kunnen kawu, haraji na faɗa, wato kuɗin da hukuma ke ɗora wa mutum. Ya ɗauka in an makara 'yar tara ce za a biya, kayan kuma suna nan.

Na dawo Madina bayan sati bakwai. Da na tambayi adakar, sai ya ce ai ya je shekaranjiya, sun ce masa haraj, ya ciro kuɗi ya ce nawa ne, su kuma suka yi ta dariya. "Ka je kai da kake jin yarensu," in ji shi, "wataƙila cin hanci suke so."

Ban san yadda na isa Anbariyya ba. Akawun yana shan shayi, bai ko ɗago kai ba. Ya ce an kai kayan da ba a karɓa ba haraj tun kwana goma sha biyu da suka wuce. Ya ce kawu bai taɓa zuwa ba sai bayan an sayar. Kawu kuwa ya rantse cewa ya leƙa sau ɗaya a cikin watan, ya tarar da tagar a rufe. Wannan ne saɓanin da na ambata, kuma ban iya warware shi ba. Abin da na tabbatar shi ne lambar wayar gidanmu tana rubuce a jikin adakar da jan fenti, kuma babu wanda ya ɗaga waya ya kira. Na faɗa masa haka da ƙarfi. Ya ce, "Halas, shi ke nan ɗan'uwa, an sayar. Bas muke da shi, ba ma'ajiya ba."

Kwana uku na yi ina bin dillalan haraj kafin wani ya tuna da adakar da aka yi wa jan rubutu. Wani mai sayar da tsofaffin ƙarafa ne ya saye ta, shagonsa yana bayan unguwar Sultana. Na tafi da kawu. Muna shiga na gan ta a ƙofa, cike da ƙusoshi.

Na yi sallama, na tambayi takardun da ke ciki. Mutumin ya dube mu sama da ƙasa.

"Naku ne?" in ji shi. "To ku gode wa Allah da ban kai ku ƙara ba. Haruffan Larabci ne amma ba Larabci ba. Na karanta layi goma, ban gane ko kalma ɗaya ba. Sihiri ne. Na ƙone su a cikin garwa, na zuba tokar a rami."

Na ce masa Hausa ce. Na ce harshen mutanen da suka yi ƙarni suna zaune a garin nan ne, ana rubuta shi da waɗannan haruffa kamar yadda Turkawa suka rubuta nasu. Na ce a layin nan kaɗai akwai masu gasa tsire biyu da zai iya nuna wa shafi ɗaya su gaya masa. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ku Takari kowa ya san ku da layu." Wannan kalma, wadda suke kiran baƙaƙen fata irinmu da ita, ta fi wutar garwar ƙona ni. Bai tambaya ba saboda ya riga ya yanke abin da baƙin mutum zai rubuta.

Da muka fito, sai na juya kan kawu. Na zazzage masa duk abin da ke raina a bakin titi, kuma sai daga baya na lura da Larabci nake yi. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Ɗana, ko zagina za ka yi, yi da harshen da nake ji. Ai abin da ya kawo mu nan ke nan."



Shi ne ya koma cikin shagon, ya sa aka juye ƙusoshin, ya ɗauko adakar a ka. A gida, yana goge ta, ya ga wata takarda manne a cikin murfin, tsatsa ta riƙe ta. Shafi ɗaya ne. Na karɓa, na yi ta kokawa da shi, domin ba a koya mana ajami a jami'a ba. Kawu ya ce, "Kawo nan, Ustazu," ya karanta shi tiryan-tiryan kamar wasiƙar matarsa.

Ga abin da shafin ya ƙunsa, a taƙaice. Ana gobe tsere, wani falke da ya yi caca a kan dokin wani ya zo barga. Ya roƙi kakanmu ya shayar da jan dokin ubangidansa ruwa har ya ƙoshi da safiyar tseren, don ya yi nauyi ya kasa gudu, falken kuma ya yi masa alkawarin babbar riga. Baturen kuma ya riga ya ce in dokin ya sake faɗuwa, gwanjo za a kai shi, kakanmu kuwa tun dokin yana ɗan duƙushi yake renonsa. Layin ƙarshe ya ce da gari ya waye ya ɗauki guga ya nufi rijiya. A nan takardar ta ƙare.

Ni da kawu mun daɗe da shiryawa, shi ne ma ya koya mini ajami. Amma fushina da mai shagon bai tafi ba, kuma ba na jin ya kamata ya tafi. Da kaina ma ina da sauran fushi, domin na ji kuskuren yana faruwa a waya, na yi masa dariya.

Na tambayi duk tsofaffin danginmu a Makka da Madina, babu wanda ya taɓa jin ƙarshen labarin. Guga ne kawai, kuma mai kula da dawaki kullum yana zuwa rijiya da safe, don haka layin bai tabbatar da komai ba. Tambayar da ta rage mini, wadda ba ni da hujjar amsa ta ko ta wane ɓangare, ita ce: ya shayar da dokin nan, ko bai shayar ba?