Karen da Sunansa Kuma

Ranar wata Asabar a watan Maris na 2013, ina zaune a matakalar bene ina goge takalman makarantata, aka ƙwanƙwasa mana ƙofar gaba. Shekarata goma a lokacin. Da Abba ya buɗe, sai ga Mista Alan, maƙwabcinmu na jikin bango, ya sa kwat ya taje kai kamar mai zuwa kotu. Shekara huɗu muna zaune a wannan layi na unguwar Levenshulme a Manchester, duk gaisuwarsa da mu ta saman katangar baya ce, bai taɓa tako ƙofarmu ba sai ranar. Yana riƙe da wata ambulan mai ruwan ƙasa, karensa ya zauna daram a gefen ƙafarsa, kunnuwa a tsaye. Tun kafin dattijon ya buɗe baki gabana ya faɗi, don ganin kwat ɗin nan kaɗai ya ishe ni sanin ba lafiya ba.

Karen irin na ƙasar Japan ne da ake kira Akita. Ƙato ne, gashinsa ja da fari, jelarsa a naɗe bisa gadon bayansa kamar gammo. Marigayiya matar Mista Alan ce ta raɗa masa suna Kuma, wai da yaren Japan sunan wata dabbar daji ce mai kauri. Ba ya haushin banza, ba ya yi wa kowa rawar jela, mai kawo wasiƙa sai ya tsallaka titi idan ya hango shi. Mista Alan yakan ce, da Turancinsa na mutanen Manchester: "Irinsu mutum ɗaya suke zaɓa a duniya, sauran jama'a haƙuri kawai suke yi da su."

Abin da bai sani ba shi ne Hausawa ne suka tare a gefensa. Makonmu na farko, Umma tana shanya a bayan gida, waya maƙale a kafaɗa tana zuba da ƙanwarta ta Kano: "Kuma fa na gaya mata! Kuma ke ma kin san halinta!" Sai ga ƙaton kai ya ɓullo ta saman katanga yana kallonta. Ta yar da kwandon wanki ta yi ɗaki tana salati. Washegari ma haka, jibi ma haka. Umma ta yanke hukuncin cewa karen nan ba shi kaɗai ba ne, akwai abin da ke tare da shi. Sai da aka ɗauki makonni kafin Mista Alan ya leƙo yana dariya har da hawaye, ya tambaye mu me karensa ya yi mana da muke kiransa tun safe har dare. To, sau nawa Bahaushe yake faɗin wannan kalma a yini? Karen da ba ya kula kowa ya ɗauka gida guda ne aka samu masu ƙaunarsa, ya fara kwanciya a jikin katangarmu yana jira.

Shekarun ne da ake ta rufe abubuwa wai babu kuɗi. Aka rufe ɗakin wasan yara na unguwa inda muke zuwa bayan an tashi makaranta, sai bayan gida ya zama filina daga ƙarfe huɗu har lokacin Islamiyya. Ni ce mai kwashe shanya, ni ce mai jan kwandon shara zuwa lungu, ni ce mai share ganyen da iska ta tara a magudana. Akwai katako ɗaya da ya saki a katangar, ta nan muke ganawa. Na taɓa jefa masa ƙwallo, ya kalle ta, ya kalle ni, kamar mai cewa wanda ya jefa shi zai ɗauko. Na ba shi labarin yaran ajinmu da ke toshe hanci idan na buɗe kwanon abincina, yana saurare ba ya ƙiftawa. Sau biyu a shekara gashinsa kan zube ya cika leda, iska ta kwaso ta manna a kaftanin Abba da ke igiya, Umma tana tsincewa tana mita. A makaranta idan aka tambayi wa ke da dabba a gida, nakan ce ina da rabin kare.

Ran da ya fara lasar hannuna na tsorata, don an koya mana wanki bakwai, ɗaya da ƙasa. Bayan gidanmu siminti ne kaf, ƙasar da ke akwai ita ce ta tukunyar da Umma ta shuka attaruhu wanda bai taɓa yin ɗa ba. Kullum sai na ɗebi kaɗan, har saiwa ta fara fitowa. Umma ta duba tukunyar wata rana ta ce, "Ɓeran da ke cin ƙasar nan yatsunsa biyar." Da Babbar Sallah da idona na gan ta ta ɗora ƙashin rago a ludayi ta miƙa ta saman katanga, tana waige-waige kada Abba ya fito. An sha fasa gidaje ta lungun bayanmu a shekarun nan, amma ba a taɓa haura namu ko na Mista Alan ba, kowa ya san dalili.

Wannan ne karen da ya zauna a ƙofarmu ranar Asabar ɗin. Mista Alan direban bas ne har ciwon baya ya zaunar da shi, shekarunsa ba su kai na fansho ba. Takardar da ke hannunsa ta ce za a rage masa tallafin haya saboda ɗakuna biyu da babu kowa a ciki, tunda matarsa ta rasu, 'ya'ya sun watse. Zai koma Birmingham wurin 'yarsa, a wani dogon bene hawa na tara, inda ba a yarda da kare ba. Ya tambaya ko'ina, babu mai son Akita ɗan shekara takwas da ba ya gaisawa da baƙo. Ya roƙi Abba mu karɓe shi, ya ce shi zai haɗa masa ɗakin katako a bayan gidanmu, ba zai taɓa shigo mana ciki ba. "Bayan ni, ku kaɗai yake amsa wa," in ji shi.

Abba ya ba shi haƙuri da Turancin ofis mai laushi, ya ce addininmu ne bai yarda ba, ya rufe ƙofa a hankali. Ban taɓa mayar wa Abba magana ba sai ranar. Na ce Malamar Islamiyya ta gaya mana karen gadi da na kiwo da na farauta ba laifi ba ne. Na tuna masa shi da bakinsa ya ba mu labarin karen kakansa da ke kwana a ƙofar zaure a ƙauye. Ya dube ni ya ce, "Na fi ki sanin wannan, Safiya. Amma ran da su Alhaji suka zo suka tarar da kare a gidana, ke za ki bi mutanenmu na Cheetham Hill gida-gida kina yi musu bayani?" Umma ta ce a hankali, "Abban Safiya, ai a waje zai zauna." Ya ce an gama magana.

A watan Afrilu wata farar mota ta zo daga gidan ajiye dabbobi. Karen ya kafe a bakin titi, maza biyu suka ja igiya har gumi, ko gezau. Mista Alan ya juya baya ya dafa bango, ya kasa kiran karen da bakinsa. Maƙwabta sun fara leƙe ta taga, abin da Abba ya fi ƙi a duniya ke nan. Ya taɓa kafaɗata ya ce, "Je ki taimaka musu." Na je na tsaya a bakin motar na kira sunansa, sau ɗaya tak. Ya miƙe, ya karkaɗe jiki, ya tako ya hau. Suka rufe ƙofa yana kallona, kunnuwansa a tsaye yana jiran abin da zan ce na gaba.

A watan Agusta muka je taron suna Birmingham. Ana tsakiyar rabon abinci Umma ta ja hannuna muka sulale, muka hau bas har dogon benen da Mista Alan yake. Ya rame, yana zaune a kujera yana fuskantar tagar da ba ta buɗuwa sosai. Ban gama gaisuwa ba na tambaye shi ko an samu wanda ya ɗauka. Ya ce karen ya ƙi cin abinci, yana tsaye yana kallon ƙofa. A mako na uku ya kai wa hannun wani ma'aikaci cafka, aka rubuta a takarda cewa bai dace da zaman iyali ba, aka yi masa allurar da ba a tashi. Muna saukowa a lifta Umma ta ce, "Innalillahi, bawan Allah, kuma..." sai ta toshe bakinta da mayafi.

Yanzu na girma, na karanta abin da masana suke faɗa a kan irin karnukan nan, ban ƙaryata su ba. Akita ba karen kowane gida ba ne: yana da ƙarfi, yana da taurin kai, ba ya son baƙi, gidanmu ko ba ya rabo da baƙi da ƙananan yara. Da abin da Abba ya faɗa ke nan, da na yi kukana na haƙura. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ya rufe ƙofa da sunan Allah alhali mutane yake tsoro, sannan ya aike ni na ƙarasa aikin. Su Alhajin da ake jin kunya sun watse, wasu sun koma gida, wasu Leeds, ko a waya ba a cika jin su ba. Muna gaisawa da Abba lafiya lau, nakan kai shi wurin likita na dawo da shi, ba mu taɓa tayar da zancen ba.

Layinmu ya canza, an buɗe shagunan kofi a Stockport Road, matasa na yawo da ƙananan karnukan Japan masu fuskar dila suna ɗaukar hoto da su. An cire katangar katakon an sa ta bulo. Ni dai kalma ɗaya aka bar ni da ita, wadda Bahaushe ba ya iya hira babu ita, ko a wannan rubutun sai da na yi ta kewaye ta. Duk ran da ta suɓuce mini a baki, sai na ji kamar wani ya miƙe a bayan katanga yana jira.