Dannawa Biyu Daga Kan Tudu

Kawuna ya yi shekara ashirin da shida yana tuƙa motar asibiti. Shekarar da kogi ya yi ambaliya, wayoyin hannu duk suka ɗauke har kwana uku. Ya ce mini yana zaune bakin ƙofar asibiti, tanki cike da mai, amma bai san inda zai nufa ba. Sai bayan ruwa ya janye ya ji cewa wata mata ta rasu wajen haihuwa a bayan gada, tafiyar da ba ta kai minti goma ba.

Da ya yi ritaya sai ya sayi tsohuwar rediyo irin wadda ake magana da ita a kuma ji amsa. Ya yi karatu, ya faɗi jarrabawar lasisi sau biyu, ya ci a ta uku. Ya kafa eriya a kan rufi da bututun famfo, ya jera batura a ƙarƙashin tebur. Matarsa takan ce ɗakin nan ko kyankyasai sun ƙaurace masa saboda ƙugi.

A hankali ya tara mutum tara, kowa da tasa na'urar a gida. Duk Asabar da ƙarfe huɗu na yamma yakan kira su ɗaya bayan ɗaya, wanda ya amsa ya sa masa alama a littafi. Ni ma na fara zama wurinsa bayan na tashi daga aiki, ina shirin tawa jarrabawar.

Na bakwai a jerin shi ne Tela, wanda gidansa ke kan tudu a hayin kogi. Muryar mutanen kwarin da ke bayan tudun ba ta isowa cikin gari sai ta hanyarsa: ya ji saƙonsu, ya maimaita mana. In babu Tela, ranar da ruwa ya dawo kwarin nan kurma ne kuma bebe.

Da rani aka yi masa aiki a maƙogwaro. Kafin ya tafi ya ce, "In kun kira ni zan danna maɓallin makirfo sau biyu, har in warke." Haka kuwa aka yi. Kawu ya kira, mu ji ƙas, ƙas, a wuce na takwas. Aka ci wata huɗu a haka.

Wata Asabar da hadari ya fara haɗowa, Kawu ya ajiye biro bayan dannawar.

"Ɗan nan, ka ji abin da na ji?"

"Na ji biyu, Kawu, kamar kullum."

"Kunnenka na ado ne. Tela da sauri yake dannawa, kamar yana taka keke. Wannan sati uku ke nan hannun yana jinkiri."

Washegari da hantsi muka haye gada, muka hau tudun da ƙafa. Ƙofar shagon Tela a rufe take, ciyawa ta fito tsakanin matakala. Muka yi sallama sau uku kafin wata dattijuwa ta leƙo, matar Tela. Ta shigar da mu ɗakin aikinsa. Keken ɗinki na lulluɓe da zane, akwai rigar da ba a gama ba rataye a ƙusa, allura na soke a wuyanta. Rediyo na kan taga a kunne, tana huci a hankali.

"Ina mai gidan?" in ji Kawu.

"Allah Ya yi masa cikawa, sati biyu bayan aikin."

Kawu ya cire hula ya mayar. Ya yi mata gaisuwa.

"Ke ce kike dannawa, ke nan."

"Ni ce. Ku yafe mini. Na ji tsoron in kun sani za ku zo ku kwashe kayan. Ita kaɗai ke magana a gidan nan."

"Ba wanda zai kwashe. Amma wata huɗu, baiwar Allah. Da ruwa ya zo fa?"

Ta dube shi da mamaki. "Wane wata huɗu? Bayan rasuwarsa, 'yata ta tafi da ni gidanta, ciwon ƙafa ya kwantar da ni. Sati uku ke nan da dawowata. Kwaɗo biyu na sa wa ƙofar nan, makullan kuma suna ƙuguna."

Na dubi Kawu. Shi kuma maɓallin yake kallo, inda fenti ya goge daidai faɗin babban yatsa.

"Da kika dawo a kashe kika same ta?" in ji Kawu.

"A kunne. Na ɗauka haka ake barinta."

A hanya na kawo masa dalilai: ko batir ne ke wasa, ko wani ne daga nesa yake tsokanarmu. Ya saurare ni har na gama.

"Batir ba ya jiran a kira sunansa," ya ce. "Bar wannan. Ba shi ya kai mu ba. Tudu ba shi da baki, ga damina a ka."

Kwana goma sha ɗaya a jere yana hawa tudun nan, da gwiwarsa mai ciwo, yana koya mata yadda ake riƙe makirfo, da yadda ake maimaita saƙo ba ƙari ba ragi. Ya kawo mata littafin jarrabawa, ya ce in shi ya ci ai kowa ma zai ci.

Ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, da azahar, wayoyi suka ɗauke. Muna zaune gaban na'ura. Can sai muka ji muryar matar Tela: mutanen kwari sun ce ruwa ya kai gindin gada, akwai tsoho guda da ba ya iya tafiya.

Kawu ya maimaita mata saƙon, ta ce haka ne. Ya miƙa mini lema, ya ce in ruga asibiti in gaya wa direba ya bi ta sabuwar hanya.